Ku Zage-zagi, Wa Ya Ce Muku Jaz Baƙo Ne?

Jama'ar Gyallesu! Na san tun daga kan take wasunku sun riga sun taɓe baki. Jaz kuma? Ana fama da tsadar masara da kuɗin makarantar yara, wani Bakano ya rasa abin da zai kawo mana sai kiɗan Turawa? To ku yi haƙuri ku gyara zama. Tsakanina da ku akwai wasa tun kaka da kakanni, kuma ubangida ba ya neman izini kafin ya yi wa bayinsa magana. Wanda ya ji haushi ya kai ƙara fadar Zazzau, can ma za a ce masa ya je ya biya kuɗin shara.

Hukuncinku a kan jaz na san shi, domin ba ku ɓoye shi. Wai hayaniya ce, kowa na busa abin da ya ga dama, ba kai ba gindi. Abin da ban sani ba shi ne yaushe aka yi zaman shari'ar. Mafi yawan alƙalan nan ba su taɓa zama sun saurari kiɗan na minti biyar ba. A fim suka tsince shi, lokacin da ɓarawo yake sanɗa, ko sun je Abuja neman kwangila sun ji shi yana tashi ƙasa-ƙasa a zauren otal suna jiran mai girma ya sauko. Daga nan aka yanke hukunci, aka rufe littafi, ba ɗaukaka ƙara.

Bari in fara da abin da zai fi ƙona muku rai. A shekarar 1981 wani dattijo baƙar fata ɗan Amurka ya tattaro ya zo garin nan naku ya zauna, bai tashi ba sai 1985. Sunansa Yusef Lateef. Bai zo yawon buɗe ido ba, bai biyo kwangila ba. Jami'ar Ahmadu Bello ce ta ɗauke shi babban mai bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya. Lokacin ya kai shekara sittin, kuma duk inda ake sauraron jaz a duniya an san da zamansa. An haife shi a 1920, ya tashi a birnin Detroit, ya yi busa a ƙungiyar Dizzy Gillespie a 1949, ya yi da Cannonball Adderley a farkon shekarun 1960, faifansa mai suna Eastern Sounds na 1961 har gobe ana nemansa. Digirin digirgir ma yana da shi, daga Jami'ar Massachusetts a 1975, kuma a kan ilimin boko da ilimin Musulunci ya yi rubutun. Ku da ba ku sauraron mutum sai an ce muku Dakta ne, to ga Dakta nan.

Me ya kawo shi? Koyo. Sarewar Fulani ya zo bincike, wannan 'yar aba mai hujoji da kuke jin yaro makiyayi yana busawa a bayan gari ku wuce ko waiwaye babu. Mutumin da manyan zauruka na Turai da Amurka suke cika don a ji busarsa, shi ne ya zo ya durƙusa gaban masu sarewa yana tambaya. Ya koyar, ya yi aiki da makaɗan cibiyar. A 1983 aka fitar da wani faifansa a ƙasar nan mai suna Hikima, da Hausa ɓaro-ɓaro. A shekarar ce kuma ya sauka Legas ya naɗi wani tare da makaɗan ƙasar nan, wanda ya fito a 1985 da sunan In Nigeria. Shi da Ziky Kofoworola suka haɗu suka rubuta littafi sukutum a kan kiɗa da wasannin Hausawa, aka buga shi a 1987. Da ya koma gida ba a jima ba aka ba shi lambar Grammy. Ya rasu a watan Disambar 2013 yana da shekara 93.

Daga Gyallesu zuwa Samaru nisan me ke akwai? Ka fito Tudun Wada, ka bi ta Sabon Gari, ka wuce Kwangila, ka iso. Shekara huɗu bawan Allah nan yana shan ruwan garinku yana shaƙar ƙurar hunturunku. Yanzu a majalisarku wa ya taɓa jin sunansa? A ɗaga hannu mu gani. Shiru. Birnin ilimi ke nan.

Mu koma kan hayaniyar, tunda ita ce babbar hujja. Yadda ake yin abin shi ne, ana farawa da wani gajeren kari wanda duk makaɗan suka sani, a busa shi tare sau ɗaya ko sau biyu. Karin nan yana da tsawo ƙayyadadde, galibi gaɓa 12 ko 32, kuma a ƙarƙashinsa akwai jerin sautuka da ke bin juna a tsare. Da an gama busa shi sai a ajiye shi gefe, amma jerin nan yana nan yana zagayowa, ya kai ƙarshe ya komo farko. Mai ganguna da mai ƙaton gogen nan da ake tsayarwa a ƙasa ana tsinkar tsirkiyarsa da yatsa, su ne ke riƙe da shi. Sai mai saksafon ya matso gaba ya faɗi nasa a kai, nan take, abin da bai rubuta ba bai haddace ba. In ya ƙare ya ja da baya, mai begila ya karɓa, daga shi sai mai fiyano. Wani lokaci mai busa da mai ganga su shiga musayar gaɓa hurhuɗu, wannan ya jefa, wancan ya mayar masa da martani. Can a ƙarshe duk su hallara a kan karin farko su rufe. Wanda ya ɓata lissafi ko da gaɓa ɗaya ce, kowa a dandalin zai ji, kuma ranar ba zai yi barci da daɗi ba.

Majalisarku ce ta bayan la'asar, ba wani abu ba. A ɗauko zance ɗaya, kowa ya tofa albarkacin bakinsa, wani ya yi nisa da shi har ya kai Kaduna ya dawo, amma kowa ya san zancen da ake yi. Bambancin kawai, su 'yan jaz suna bari mutum ya dasa aya kafin su karɓa, abin da har yau ban gani ba a wurin Bazazzagi.

Yanzu don Allah ku gaya mini, me Mamman Shata yake yi? Masu kalangu su kafa kiɗa, 'yan amshi su riƙe amshi guda suna ta maimaitawa, shi kuma ya hau kai yana zubo maganar da ba ta taɓa fita daga bakinsa ba sai a wannan daren. Ya hango wani ya shigo fili, kafin mutumin ya sami wurin zama ya riga ya shiga waƙa, da shi da ubansa da garinsu. Ya ja baiti ya yi tsawo har ka ce ya manta da 'yan amshi, sai ka ji ya diro daidai inda za su karɓa. Bakandamiya iri nawa kuka ji? Ta wannan kaset daban, ta wancan daban, amshin ne kawai bai sauya ba. In Shata ya yi haka sai ku ce baiwa ce, har da masu rantsuwa cewa aljanu ke ba shi. Jami'ar garinku ta ba shi digirin girmamawa a 1988, kuka yi ta murna kamar ku aka ba. Amma jikan bayi a Amurka ya yi irin wannan aikin da ƙaho a bakinsa, sai ku ce bai san inda ya dosa ba.

Na ji wani daga can baya yana cewa ai Shata magana yake yi, waɗannan kuwa busa ce zalla, ba waƙa balle ma'ana. Sannu da ƙoƙari, ɗan'uwa. Akwai mawaƙa a jaz, matansu ma sun fi yin suna, irin su Ella Fitzgerald da Billie Holiday da Sarah Vaughan. Amma a bar wannan. Tun yaushe Bahaushe ya fara buƙatar baki kafin ya ji magana a cikin kiɗa? Ɗan tauri da ya ji an kaɗa takensa, wa ya furta masa kalma kafin tsuma ta kama shi? Manomi a wurin gayya, da gangar noma ta juyo kansa, wace waƙa aka rera masa ya ninka kunya biyu a kan ta abokinsa? Ranar hawan Sallah in kakaki ya tashi, akwai wanda yake tambaya wa ke tafe? Mu ne mutanen da ganga take kiran sunanmu mu amsa. Yau kuma mu ne za mu tsaya muna cewa busa ba ta magana.

Ku dubi mai algaita a fada. Ya cika kumatu, yana shaƙar iska ta hanci yana fitar da ita ta baki a lokaci guda, sautin ba ya yankewa har sai ya ga dama. A Amurka wani makahon mabushi, Rahsaan Roland Kirk, ya yi suna da wannan dabara, mutane suna biyan kuɗi su zo su ga ikon Allah. A nan ɗan mai algaita da ita yake tashi, ba wanda ya taɓa ce masa sannu. Ku nemi hoton Dizzy Gillespie yana busa, kumatun nan sun kumbura har wuya, ku shiga cikin gida ku nuna wa tsohuwa. Abin da za ta tambaye ku shi ne, na wane sarki ne.

Kuma ku, ku da kuka yi shekara da shekaru kuna cika silima don fim ɗin Indiya, kuna bin Lata Mangeshkar baiti-baiti alhali ko kalma ɗaya ba ku sani ba, wasunku har da share hawaye a ɓoye, ku ne yau kuke neman ma'ana? Ai sai a bari ya huce.

Cewa da kuke yi kiɗan Turawa ne, ita ta fi ba ni dariya, domin Turawan sun daɗe kafin su yarda cewa kiɗa ne ma. A New Orleans aka haife shi, garin da ke kusa da inda kogin Mississippi yake faɗawa teku, wajen farkon ƙarni na 20. A garin akwai wani fili da ake kira Dandalin Kongo, ba Kongon nan ta maƙwabtanku ba inda ake koyon lauya da akanta, inda a zamanin bauta ake barin bayi su taru ranar Lahadi su yi kiɗa da rawa irin ta gida. Bauta ta ƙare a 1865. Jikokin mutanen nan suka sami kayan badujala a hannunsu, su begila da manyan ƙahoni da ganguna. Ku da kuke da barikin horar da kuratan soja a gari ba sai an yi muku bayanin badujala ba. To ku ɗauki kayan nan ku danƙa wa jikokin masu ganga da goge, waɗanda aka raba da harshensu amma ba a iya raba su da kunnensu ba, ku ba su shekara arba'in, ku ga abin da zai fito. Suka haɗa da waƙoƙin gona da na coci da kiɗan fareti, har gawa suke rakawa da shi, ko da yake wannan ban kawo muku don ku kwaikwaya ba. Da aka tashi buga faifan farko da sunan jaz a 1917, wasu samarin Turawa ne suka yi shi, domin su ake buɗe wa ƙofar kamfani. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wani masani ɗan ƙasar Ostiriya, Gerhard Kubik, ya fitar da littafi a 1999 a kan asalin bulus, wato waƙar ƙunci ta baƙaƙen kudancin Amurka wadda jaz ya tsotsa. Da ya tashi nuna inda jijiyar take, bai tsaya a bakin teku inda manyan ganguna suke ba. Yankinmu ya nuno, ƙasashen da mutum ɗaya yake zama da goge ko molo yana jan murya yana lanƙwasa ta, har da mai goge Bahaushe a cikin misalan da ya kawo. Banjo kuwa, wadda ke cikin kayan jaz na farko, masana sun daɗe da cewa dangin su gurmi da molo ce da ta haye teku a cikin kawunan bayi. Ba a kan komai masana suka bi Kubik ba, ni kuma ba zan ce muku Bahaushe ne ya ƙago jaz ba. Irin wannan cika bakin na bar wa Zage-zagi.

Inda kuke da 'yar gaskiya shi ne zancen mashaya, kuma ba zan hana ku ita ba. Jaz ya yi ƙuruciyarsa a gidajen giya da unguwannin mata masu zaman kansu. Charlie Parker, wanda ya sauya yadda ake busa saksafon, ƙwaya da giya suka cinye shi, ya mutu a 1955 yana da shekara 34. Billie Holiday ta bi shi a 1959 tana da 44. Duk an yi. Sai dai kafin ku miƙe da wa'azi, ku tuna Shata ma yana da waƙar da ya yi wa masu sha, kun san ta, wasunku sun haddace ta, ba sai na tona ba. Goge da kukuma kuma ba a zauren malam suka girma ba.

Abin tambaya shi ne me ya kai kiɗan can. Can aka bar masa. Manyan zaurukan kiɗa na Amurka ba na baƙar fata ba ne a lokacin. Mawaƙiya za ta cika otal da jama'a, amma a ce ta shiga ta ƙofar da ake shigar da kaya, kuma ba ta isa ta kwana a ɗakin otal ɗin ba. Jaridun Turawa suna cewa kiɗan yana lalata tarbiyyar 'yan mata. Dattawan coci na baƙaƙen su kansu suna cewa kiɗan Shaiɗan ne, suna hana 'ya'yansu. A Jamus gwamnatin Hitila ta hana sa shi a rediyo a 1935, don kiɗan baƙaƙe ne. Ban ce ku da su ɗaya ba ne, na dai ce ku duba layin da kuka shiga. A watan Agustan 1959, shekarar da ya fitar da Kind of Blue, faifan da ake cewa babu na jaz da ya kai shi kasuwa, Miles Davis ya fito shan iska a ƙofar gidan da yake wasa a New York. Ɗan sanda ya ce ya bar wurin. Ya nuna masa sunansa rubuce a allon ƙofa. Aka fasa masa kai da kulki, aka tafi da shi jina-jina. Sai a 1987 majalisar dokokin Amurka ta zauna ta ce jaz dukiyar ƙasa ce, bayan mafi yawan waɗanda suka gina shi sun riga mu gidan gaskiya.

Wannan hali kuwa kun san shi, domin naku ne. Namu ne duka in za a yi adalci, amma yau ku ake yi wa. Bahaushe zai yi wa makaɗi kari har aljihu ya yi fayau, ya cire babbar riga ya ba shi, ya ba shi doki, ya ba shi mota, ya biya masa kujerar Makka. Ran da makaɗin nan ya turo manya neman auren 'yarsa, sai ka ji an ce a je za a yi shawara, shawarar da ba a gamawa. Ai maroƙi ne. A ƙasar Zazzau ɗin nan M. G. Smith ya yi bincikensa, ya rubuta a kan roƙo a 1957, ya tarar an ajiye makaɗa can ƙasan jeri tare da mahauta. David Ames ya biyo baya a shekarun 1960 ya zauna da makaɗan Zariya yana naɗar kiɗansu, shi da Anthony King suka fitar da ƙamus na kiɗan Hausa a 1971. Kun lura kuwa? Kullum baƙo ne yake zuwa ya zauna a tabarmar makaɗinku da littafi a hannu. Ku sai ranar biki kuke tunawa da shi, da an watse kuma ku ce Allah ya shirye shi.

Saboda haka ni ban yarda kunnenku ne ya ƙi jaz ba. Kunnen da ya iya rarrabe kalangun wannan da na wancan daga bayan katanga ba zai kasa jin busar ɗan jaz irin John Coltrane ba. Raini ne, irin wanda kuka saba yi wa duk mai abin kiɗa a hannu, kuka ga na waje ya fi sauƙin zagi. Yusef Lateef ya san wannan raini tun daga gida. Shi ya sa har ya mutu bai yarda a kira kiɗansa jaz ba, yana ganin suna ne na wulaƙanci da wasu suka laƙaba. Ya ƙirƙiro nasa sunan, wani dogon Turanci da in ba Bazazzagi ba babu mai iya furta shi a numfashi ɗaya, ma'anarsa dai kiɗan da ke fitowa daga jikin mutum da hankalinsa da ruhinsa. Kuma tun wajen lokacin da ya zo Zariya ya daina wasa a wuraren da ake sayar da giya, alhali a nan abincin 'yan jaz yake. Makaɗi nawa kuka sani da ya rufe wa kansa babbar kasuwarsa saboda addini?

Allah gafarta Malam, na ga ka gyara zaman rawani. Ban zo da fatawa ba, ban kai ba. Wanda ya bar kiɗa ɗungurungum don tsoron Allah, na cire masa hula, kuma ba da shi nake ba. Da wancan nake, wanda wayarsa in ta yi ƙara fiyano ke tashi, motarsa cike da waƙoƙin 'yan siyasa, bikin ƙanwarsa shi ya ɗauko mai sa kiɗa aka hana unguwa barci, amma da an ambaci jaz sai ya tuna da haramci. Shi wannan ya sani cewa da wuya a sami wani kiɗa a Amurka da Musulmi suka yi yawa a cikinsa kamar wannan a shekarun 1940 da 1950. Art Blakey, uban masu ganguna, ya zama Abdullah Ibn Buhaina. Ga Ahmad Jamal mai fiyano, ga Idrees Sulieman, ga Sahib Shihab. A Afirka ta Kudu Dollar Brand ya musulunta a 1968 ya koma Abdullah Ibrahim. Da yawa daga na Amurkan ta hannun Ahmadiyya suka shiga, har da Lateef, domin su ne suke shiga unguwannin baƙaƙe da wa'azi a wancan zamani. Na san abin da za ku ce a kan wannan, wancan kuma zaure ne daban, na malamai. John Coltrane bai musulunta ba, amma da ya rabu da ƙwaya a 1957 ya ɗauki abin a matsayin rahamar Ubangiji, faifansa A Love Supreme da ya naɗa a Disambar 1964 godiya ce ga Allah daga farko har ƙarshe.

In kuma sai da babba za ku yarda, to ga babba. A 1960, shekarar samun mulkin kai, Louis Armstrong ya zagayo Afirka da begilarsa ya biyo ta Arewa. Akwai hotonsa a Kaduna tare da Sardauna Ahmadu Bello. Gwamnatin Amurka ce take tura irinsu ƙasashe su wanke mata fuska, alhali a gida akwai gidajen abincin da ba za a ba su kujera ba, wannan kuma munafuncinta ne. Amma Gamji dai ya karɓi mai busa hannu bibbiyu. Ko za ku ce kun fi shi sanin mutunci?

Ba ma sai an je da nisa ba. Bala Miller, wanda gidansu na Zariya ne, ya kafa ƙungiya da kayan busan nan na badujala yana waƙa da Hausa, iyayenku sun kalle shi a talabijin ɗin Kaduna suna gyaɗa kai. Nasa kiɗan hailaif ne, amma ƙahonin ɗaya ne, kuma babu wanda ya ce ya zama Bature. Fela da jaz ya fara bayan ya dawo daga karatu a Landan. Mai gangunansa, Tony Allen, bai taɓa ɓoye cewa faifan Art Blakey da Max Roach ne malamansa ba. Kiɗan da ya bar gaɓar nan a cikin jirgin bayi ya dawo a faifai, 'yan Legas suka gane ɗan'uwansu suka yi masa shimfiɗa. Mu muka tsaya tambayarsa takardar shaida.

Kada ku ce na ce duk jaz daɗi gare shi. Akwai wanda ni kaina in na sa, maƙwabta sukan leƙo su tambaya ko lafiya. Da Ornette Coleman ya zo da nasa salon wajen 1960, wanda ya watsar da jerin sautukan nan da na ba ku labari, 'yan jaz ɗin kansu sun kusa ba hammata iska. Kafin shi ma, Armstrong bai ɓoye ƙyamarsa ga salon su Parker da Gillespie ba, yana ganin yara sun lalata sana'a. Su ma suna da dattawan da kullum kiɗan jiya ya fi na yau. Wanda ya ji wani bai yi masa ba, ya nemi wani, gidan da faɗi.

Abin da yake ci mini tuwo a ƙwarya ya wuce jaz. Ku shiga ɗakin naɗar waƙa a Tudun Wada ko Sabon Gari yau. Yaro ɗaya ne da fiyano da kwamfuta, shi ne mai kalangu, shi ne mai algaita, shi ne 'yan amshi, in murya ta karkace na'ura ta miƙe ta. Ban zarge shi ba, abincinsa yake nema, kuma wasu daga cikinsu suna da fasaha. Amma abin nan da Shata yake yi, da marigayi Hassan Wayam yake yi da kukumarsa a garin nan, mutum ya tsaya gaban jama'a da makaɗa masu rai ya ƙirƙiro a take, in ya faɗi kowa ya gani, wannan yana ƙarewa a hannunmu. Su 'yan jaz da kuke yi wa dariya sun riƙe nasu, sun kai shi jami'a ana ba da digiri a kansa, har hukumar UNESCO ta ware masa ranar 30 ga Afrilu kowace shekara tun daga 2012. Mu kuwa ɗan mai goge yana jin kunyar a san sana'ar ubansa.

Ban ce ku yi biki ranar 30 ga Afrilu ba, na san ba za ku yi ba. Wayar nan dai da kuke kallon rigimar 'yan fim da ita, ku rubuta Yusef Lateef a ciki, ku nemo In Nigeria ko Hikima, ku saurara har ƙarshe ba tare da kun katse shi da gardama ba, in za ku iya. Wanda ya gama ya ce bai yi masa ba, ya fita haƙƙina, ra'ayinsa ne. Sannan duk wanda yake da tsohon mai sarewa ko mai kukuma ko mai algaita a unguwarsu, ya ɗauki wayar ya je ya gaishe shi, ya naɗi busarsa tun yana da sauran numfashi, ya tambaye shi wa ya koya masa. In zai tashi kuma ya sallame shi da abin kirki.